Tambayoyi da amsoshi: bayan an tono kayan tarihi a tsohuwar kasuwar Atina, me ake yi da su?

Duk sanda aka nuna tonon kufai a talabijin, abin da za ka gani shi ne mutum durƙushe da ɗan burushi yana share ƙasa a hankali, sai ga kan gunki ya leƙo, a tafa, labari ya ƙare. Su kuwa masu sana'ar a wurinsu daga nan aiki ya fara. Na ɗauki wuri guda ɗaya a ƙasar Girka don amsoshin su tsaya a kan abu na zahiri, wato Agora ta birnin Atina, inda ake tono tun 1931 kuma har yau ba a gama rubuta abin da aka samu ba.

Wai mece ce Agora ɗin, kuma su wa ke tonon?

Agora ita ce dandalin tsohon birnin Atina, a gindin tudun Akropolis. Kasuwa ce, amma a nan majalisar gari take, a nan kotuna suke, a nan ake kafa duwatsun da aka rubuta dokoki, a nan mutane irin su masanin falsafa Sukrat suke yini suna muhawara. Da zamani ya ja sai unguwa ta hau kanta, mutane suka yi gidaje suna zaune abinsu. Makarantar Amurka ta nazarin tsohuwar Girka da ke Atina, wadda aka kafa a 1881, ita ta samu izinin tono, aka sayi gidaje wajen 400 aka rushe, yawancin kuɗin farko daga aljihun attajirin nan John D. Rockefeller ƙarami suka fito, aka sa diga a watan Mayun 1931 ƙarƙashin T. Leslie Shear. Bayansa Homer Thompson ya riƙe, sai ɗan Shear ɗin, sai John Camp daga 1994 zuwa 2022. Ka ga ke nan aiki ne da ake gada hannu zuwa hannu.

To idan abu ya fito daga ƙasa, ina ake kai shi?

Kafin ma a ɗaga shi sai an rubuta inda yake. Wannan shi ne uwa uba, domin tono ɓarna ne, shimfiɗar ƙasar da ka kwashe yau ba mai iya mayar da ita gobe, abin da zai rage kawai shi ne abin da mai lura da ramin ya rubuta a littafinsa: zurfin nawa, ƙasar ja ce ko toka-toka, a ƙarƙashin wane daɓe, kusa da wane bango, da me da me aka same shi tare. An yanka filin gaba ɗaya gida-gida kamar dara, kowane gida mita 20, da harafi da lamba, shi ya sa za ka ji ana kiran wata rijiya G 5:3, ma'ana ajiya ta 3 a gidan G 5.

Daga nan sai wanki. Tsingaro kwando-kwando ake jiƙawa a goge da burushi a shanya a rana, sannan a baje a kan dogayen tebura ana neman wanda ya dace da wani, baki da baki, gindi da gindi, masu gyara su liƙa da gam ɗin da za a iya narkarwa in an yi kuskure. Abin da ya cancanta sai a ba shi lamba tasa ta har abada da harafi a gaba: P na tukwane, I na rubutun dutse, L na fitilun aci-bal-bal, S na sassaƙa, SS na hannayen tulu masu hatimi. Wata mata mai suna Lucy Talcott ce ta tsara wannan tsarin kati-kati tun shekarun farko, kuma gaskiya ni a ganina ita ce ƙashin bayan aikin duka, don saboda ita ne yau ɗalibi zai iya ɗaukar lamba ya bi ta har shafin littafin da aka rubuta ranar da abin ya fito. Sauran tsingaron da bai samu lamba ba ana zuba shi a gwangwanaye da alamar inda ya fito.

Duk wannan kaya yana cikin Rumfar Attalos, wani dogon gini mai hawa biyu da ginshiƙai, tsawonsa ya kai mita 115, wanda Sarki Attalos na biyu na Pergamon ya gina wa mutanen Atina a ƙarni na 2 kafin Miladiyya. Ya rushe tun da daɗewa, aka sake gina shi a kan tsohon harsashinsa daga 1953 zuwa 1956. Masu yawon buɗe ido gidan tarihin da ke ƙasa kawai suke gani, amma sama akwai ofisoshi da ɗakunan aiki, can ƙarƙashi kuma sito ne kanta bayan kanta.

Me ya sa ake damuwa da fasassun tukwane haka? Ba gwal da gumaka ake nema ba?

Gwal ai sace shi ake yi ko a narke shi, gunkin tagulla ma haka, marmara kuma a ƙona a yi farar ƙasa. Tukunya idan ta fashe ba mai so, a zuba ta a tsohuwar rijiya, kuma yumɓun da ya sha wuta ba ya ruɓewa. Ga shi yayi yana canzawa, ƙoƙon shan da ake yi a zamanin kaka siffarsa daban da na zamanin jika, gindi ya ƙara tsawo, baki ya ɗan lanƙwashe, baƙin shafen ya rage ƙyalli. Idan aka jera su a san wanne ya riga wanne, to tsingaro ya zama kalanda.

Wani lokaci kuma tsingaro magana yake yi. A gefen dandalin, kusa da wani dutsen iyaka da aka rubuta wa "ni ne iyakar Agora", an tono wani ɗan gida aka samu ƙusoshin takalmi na ƙarfe da yawa da ƙananan zobban ƙashi na zura igiyar takalmi, a kusa kuma aka samu gindin wani baƙin ƙoƙo an karce masa "na Simon". To tsofaffin marubuta sun ambaci wani baduku Simon wanda Sukrat yake zama a shagonsa ana hira. Ba wanda zai rantse cewa shi ne, amma ka duba yadda ƙusa da gindin ƙoƙo suka kai mu bakin ƙofar shago.

Ta yaya ake sanin shekarun abu?

Jerin siffofi yana gaya maka wanne ya riga wanne ne kawai, sai an ɗaure shi da wata shekara sananna. Nan masifun da suka auka wa birnin suke amfani. Farisawa sun ƙone Atina a 480 da 479 kafin Miladiyya, da mutane suka dawo suka share ɓaraguzai suka cika rijiyoyi da su, don haka duk abin da ke cikin irin waɗannan rijiyoyi ya riga wannan shekara. Sulla, jagoran sojojin Rum, ya yi wa garin kaca-kaca a 86 kafin Miladiyya, wasu mahara da ake kira Herulawa kuma a 267 Miladiyya. Can arewacin Girka akwai garin Olintos da Sarki Filibus na Makidoniya ya rushe a 348 kafin Miladiyya, tukwanen da ke ɗakunansa sun tsaya cak a wannan shekara.

Sai kuma hannayen tulu, wanda shi ne ya fi burge ni. Tulunan da ake safarar giya a ciki daga tsibirin Rodos ana buga musu hatimi a hannu tun yumɓu yana ɗanye, da sunan mai masana'anta da sunan babban limamin shekarar, har da wata. Limamin nan duk shekara ake canza shi. Virginia Grace ta ƙare rayuwarta kaf a kan wannan abu, tana tara hatimai dubbai a kati tana gano wane suna ya biyo wane, har ta kai ga cewa cikon ƙasar da aka zuba a harsashin wani babban gini a tsakiyar Agora, wanda aka samu hannaye masu hatimi kusan 1,500 a ciki, an rufe shi wajen 183 kafin Miladiyya. A 1985 ta buga wannan, tana da shekara fiye da 80.

Suna yin kuskure kuwa?

Sosai ma, kuma a fili ake gyarawa. A 1934 Homer Thompson ya buga wani dogon nazari inda ya jera tukwanen zamanin bayan Iskandar Mai Girma a rukuni 5 daga rijiyoyi da tankunan ruwa na Agora, kowa a duniya ya riƙa dogaro da shekarunsa. Sai a 1960 aka tono wani sansanin soja a Koroni a gaɓar tekun gabashin Atika, wato yankin da Atina take, aka samu tukwane irin waɗanda ake cewa na ƙarshen ƙarni na 4 ne, amma tare da su ga tsabar kuɗin Sarki Talomi na biyu na Masar, wanda sojojinsa suka zo taimakon Atina a yaƙin shekarun 260 kafin Miladiyya. Sansanin ɗan lokaci kaɗan aka zauna a cikinsa, ba yadda za a yi tukwanen su girmi kuɗin da shekaru masu yawa haka. An yi ta gardama, ita kanta Grace da farko ba ta yarda ba, amma a 1974 ta fito ta rubuta cewa ta sake lissafi, ta sauko da shekarun hatimanta da kimanin 35. Wannan gyara ɗaya ya shafi wurare daga Bahar Aswad har Masar, don duk inda tulun Rodos ya je da lissafinta ake auna shi.

Idan an ce an "buga" kayan, me ake nufi takamaimai?

Mataki-mataki ne. Akwai rahoton farko na abin da aka yi a daminar tono kaza, wanda ke fitowa a mujallar makarantar mai suna Hesperia, an fara ta a 1932 kuma sau 4 take fita a shekara. Sai babban aiki, wato jerin manyan littattafai masu shuɗin bango da aka fara a 1953 da littafin Evelyn Harrison a kan sassaƙen fuskoki, yanzu sun haura 35. Kowane littafi nau'in kaya guda ake damƙa wa masani guda ko biyu: wannan fitilu, wannan tsabar kuɗi, wannan tukwanen zamanin Rumawa, wannan kaburbura.

Cikin littafin kuwa kowane abu da shigarsa. Lambarsa, ramin da ya fito, tsayi da faɗin baki a santimita, me ya ɓace me aka cike, launin yumɓun da abin da ke gauraye a ciki, ina aka taɓa samun irinsa, sai shekarar da marubucin yake ganin ya dace da dalilinsa. Ga hoto, ga zanen da aka raba tukunyar biyu, rabi yana nuna waje rabi yana nuna kaurin jikinta kamar an tsaga ta da wuƙa. Alison Frantz ta daɗe tana ɗaukar hotunan, Piet de Jong kuma yana zane da fentin ruwa wanda har yau ana sha'awarsa. Kafin a kai maɗaba'a sai wasu masana daban sun karanta sun yi suka an gyara. Amfanin duk wannan wahala shi ne wani mai tono a Turkiyya ko Libiya ya ɗauki ɗan guntun baki a hannunsa, ya buɗe littafin ya ce ga ɗan'uwansa nan.

Me ya sa wani abu sai ya yi shekara 50 ko 80 ba a buga ba?

Nan ne ciwon yake, kuma ba na jin akwai mai sana'ar da zai musa. Tono yana da daɗi yana da masu ba da kuɗi, zaman sito ana auna tsingaro ba mai ɗaukar hotonka. Masanin da aka ba kayan yawanci malamin jami'a ne a wata ƙasa, hutun bazara kawai yake zuwa, wata biyu a shekara, ga yaƙin duniya na biyu da ya tsayar da komai, wani ya tsufa, wani ya rasu ya bar akwatunan kati sai a nemi wanda zai gada ya fara koyon hannun mamaci.

Rijiyar nan G 5:3 da na ambata misali ce mai taɓa zuciya. A 1937 da 1938 aka tone ta a tudun da ke kusa da haikalin Hefaistos, aka samu ƙasusuwan jarirai wajen 450 da na karnuka wajen 150 an zuba tare da tukwane, a ƙarni na 2 kafin Miladiyya. An yi ɗan bayani a lokacin, aka yi ta hasashe, wasu suka ce annoba, wasu yunwa, wasu hadaya. Cikakken littafin bai fito ba sai 2018, da masana uku suka haɗu, Maria Liston a kan ƙashin mutane, Susan Rotroff a kan tukwane, Lynn Snyder a kan na dabbobi. Abin da suka nuna shi ne yawancin jariran sun mutu ne wajen haihuwa ko kwanaki kaɗan bayanta, bakwaini da masu cutar da ta bar alama a ƙoƙon kai, irin mutuwar da ta zama ruwan dare a duk garin da ba magani, kuma a hankali aka riƙa kawo su cikin shekaru, mai yiwuwa ungozomomi ne. Jinkirin ya yi tsawo ƙwarai, amma kuma a 1938 ba wanda yake da ilimin karanta ƙashin jariri haka, abin da ya ceci lamarin shi ne an adana ƙasusuwan ba a zubar ba.

Ba Amurkawa kaɗai ba ne. Jamusawa da ke tono a Kerameikos, can kusa, sun ci karo da dubban tsingaron ƙuri'a, wato waɗanda aka karce wa sunan wanda ake so a kora daga gari, a shekarun 1960, cikakken bugunsu sai 2018 shi ma.

Kayan na wa ne? Amurkawan ba sa kwashewa su tafi da su?

A'a. Kayan tarihi a Girka mallakar ƙasa ne, doka ce tun 1834, kuma wadda aka yi a 2002 mai lamba 3028 ta ƙara ɗaure abin. Makarantun ƙasashen waje izini ake ba su, kowace ba ta wuce tono 3 nata na kanta a shekara, da wasu 3 na haɗin gwiwa da hukumar Girka, jami'an ma'aikatar al'adu suna sa ido. Ko ɗan gutsure za a fitar zuwa ɗakin gwaji a waje sai da takarda. Abin da mai tono yake da shi shi ne haƙƙin fara bugawa, shi ma da wa'adi, dokar ta ce shekara 5 bayan kammala tono. Ni dai ina goyon bayan wa'adin nan, domin an sha ganin masani ya zauna a kan kaya shekara da shekaru, bai rubuta ba kuma bai bar wani ya taɓa ba.

Rubutun da ke kan duwatsu fa?

An samu sama da 7,000 a Agora, yawancinsu gutsattsari, don mutanen baya sun fasa su sun yi gini da su. Mai karanta su yakan jiƙa takarda mai kauri ya shimfiɗa a kan dutsen ya bubbuga da burushi har ta shiga cikin haruffan, in ta bushe ya ɓare, ya samu kwafi marar nauyi da zai iya juyawa a hasken fitila. Wajen bugawa akwai ƙa'idar da aka amince da ita a Leiden a 1931: harafin da bai fito sosai ba a sa masa ɗigo a ƙasa, abin da masani ya cike da kansa a kewaye shi da baka mai kusurwa, don mai karatu ya bambanta abin da dutse ya faɗa da abin da malam ya zata.

Wani lokaci kuma bugu ba ya ɓata lokaci ko kaɗan. A 1952 aka samu dutse mai lamba I 6524 kusan lafiyarsa lau, dokar 337 zuwa 336 kafin Miladiyya ce da ke cewa duk wanda ya kashe mai neman kifar da mulkin jama'a ba shi da laifi, a samansa an sassaƙa Dimokuraɗiyya a siffar mace tana ɗora wa Jama'a kambi. Benjamin Meritt ya buga ta a wannan shekarar.

Gaskiya ne an gano maguɗin zaɓe?

Ga abin da aka samu, kai ka auna. Mutanen Atina suna da wata al'ada, idan suka ga wani babba ya fara fin ƙarfin gari sai a taru a Agora kowa ya karce sunan wanda yake so a kora a jikin tsingaro, wanda ya fi yawa ya bar gari shekara 10. A 1937 Oscar Broneer ya tono wata rijiya a arewacin gangaren Akropolis ya samu guda 190 duk da sunan Temistokles, mutumin da ya jagoranci nasarar yaƙin ruwa na Salamis a kan Farisawa. Da ya zauna ya kwatanta yadda aka ja kowane harafi sai ya ga hannu 14 ne kacal suka rubuta su duka. Wasu na cewa 'yan adawa ne suka shirya don su raba wa mutane, wasu na cewa masu sayarwa ne ga waɗanda ba su iya rubutu ba, kuma da yake a rijiya aka zubar da su tare, da alama ba a ma yi amfani da su ba. Shi Temistokles dai daga baya an kore shi, wajen 471 kafin Miladiyya.

Idan littafi ya fito shi ke nan an rufe babin?

Ina! A 1967 aka tono kabarin wata mata a gangaren tudun Areyopagos da ke gefen Agora, na wajen 850 kafin Miladiyya. An ƙona gawarta aka zuba ƙasusuwan a wani kyakkyawan tulu, tare da 'yan kunnen gwal, da abin wuya na duwatsu, da hatimin hauren giwa, da wani akwatin yumɓu mai ƙananan rumbuna 5 jere a kan murfinsa, masu dunƙulallen kai da ƙofa a sama, duk wanda ya tashi a ƙauye yana gani zai gane su. Evelyn Smithson ta buga kabarin a 1968, aka riƙa kiranta attajirar Atina, ana ta rubutu a kan dukiyarta. Shekara 30 da wani abu bayan haka Maria Liston ta sake zazzage ƙonannun ƙasusuwan tana dubawa ɗaya bayan ɗaya, sai ta ga wasu 'yan mitsi-mitsi da ba na babba ba ne. Na ɗan tayi ne, saura makonni kaɗan a haife shi. A 2004 ita da John Papadopoulos suka buga cewa matar tana da tsohon ciki ta rasu, aka koma ana tambaya ko yawan kayan nan na arziki ne kawai ko kuwa na jimamin uwa da ɗa ne.

Daga inda nake zan iya ganin wani abu?

Za ka iya, in kana da data. Makarantar ta ɗora katunan kaya da hotuna da taswirori har da shafukan littattafan tono na hannu a intanet kyauta, a shafinta na ascsa.net. Da Turanci ne, kuma da farko lambobin za su ruɗa ka. Fara da guda ɗaya, ka rubuta I 6524 a wurin nema ka ga dutsen dokar, daga nan ka bi mahaɗin da ke ƙasa zuwa katinsa da wurin da aka same shi.